Taya mai araha ko mai tsada? Abin da muka gani a shagon taya

A hutun da ya wuce yayan wani abokin karatunmu ya cika burin da ya daɗe yana ci. Bayan shekaru yana tara kuɗi daga sana'ar sayar da wayoyi, ya sayi BMW 335i ta hannu, baƙa wuluk, mai ƙarfin doki wajen 300. Ranar da ya shigo da ita layinsu, yara har bin ta suka riƙa yi da gudu. Mu ma da muke ganin mun girma ba mu iya daurewa ba. Muka kewaye ta, wannan ya shafa fitila, wancan ya ce a buɗe masa inji ya gani, wani kuma ya shige gaba ya riƙe sitiyari a ɗauke shi hoto. Duk cikinmu babu wanda ya sunkuya ya dubi ƙafafunta.

Mai facin bakin layi ne ya fara tankawa. Ya taso yana goge hannu da tsumma, ya durƙusa, ya shafa tayar baya, sannan ya ce, "Alhaji ƙarami, mota kam ta yi, Allah Ya sanya alheri. Amma waɗannan tayoyin ba za su kai ka damina ba." Da muka duba sai muka ga gaskiyarsa. Na bayan sun sude sun yi sumul kamar bayan faranti, na gaban ma saura ƙiris.

Ranar Asabar mu uku muka raka Yaya kasuwar kayan mota a cikin Kano. Mai shagon, wani dattijo mai yawan fara'a, ya fito mana da taya iri uku, duk girma ɗaya. Ta farko sabuwa ce dal, ta wani babban kamfani da kowa ya san sunansa. Ta biyu ma sabuwa ce, sai dai sunan da ke jikinta babu wanda ya taɓa jin sa a cikinmu, kuma kuɗin ta farko guda ɗaya zai sayi kusan uku irinta. Ta uku kuwa ita ce wadda ake ce wa 'yar Beljiyam: babban suna, zane bai sude ba, an wanke ta an shafe ta da mai tana ƙyalli, ga ta a farashin da bai ma kai na ta biyun ba.

Yaya bai ɓoye abin da ke ransa ba. "Taya ai taya ce," in ji shi. "Duk baƙar roba ce, duk kuma zagayayyiya ce." Yana so ya rage kuɗi ya sa wa motar sababbin sifiku da fitilu masu walƙiya. Gardamar da muka tafka a wannan shago ta kusa awa biyu, kuma mun ga ya kamata mu kawo muku ita, ƙannenmu, duk da mun san yawancinku ko lasin ba ku isa yi ba. Ba ku da mota, amma kullum a kan taya kuke: ta motar makaranta, ta Keke, ta babur ɗin Baba, ta motar hayar da ke kai ku gida in an yi hutu.

Tafin hannu huɗu

Ku buɗe tafin hannunku ku dube shi. Kusan iya faɗin wurin da kowace taya ke taɓa kwalta ke nan. Motar da ta fi tan ɗaya da rabi nauyi, da dawakanta 300, da mutum biyar a ciki, duk a kan tafin hannu huɗu take tsaye. In direba ya taka totur, ta nan ƙarfin inji zai bi ya isa ƙasa. In ya murza sitiyari, ta nan motar za ta juya. In ya taka birki, birkin wili kawai yake riƙewa, taya ce ke riƙe ƙasa. Ko na'urar ABS da ake yabo, wadda ke hana ƙafafun mota cijewa in an taka birki da ƙarfi, ba ta ƙara wa taya riƙon da ba ta da shi. Iyakarta ta yi amfani da wanda ta samu.

Ɗaya daga cikinmu injiniyanci yake karantawa, shi ne ya ari biro ya juya bayan wani kwali ya yi mana lissafin da ya sa Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci. 'Yan ajin kimiyya kun san shi daga darasin Fiziks. Nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya bayan an taka birki shi ne d = v² ÷ 2μg. Harafin v gudun motar ne, g kuwa 9.8 ce, sai μ, wadda malaminku ke kira "miyu", ita ce ma'aunin yadda taya ke riƙe hanya.

Gudun kilomita 100 a awa daidai yake da mita 27.8 a daƙiƙa ɗaya. Mu ɗauka, don misali kawai, taya mai kyau tana da riƙon 0.8 a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, maras kyau kuma tana da 0.6. Ku ɗauko kalkuleta ku buga da kanku. Motar farko za ta tsaya bayan mita 49. Ta biyu sai ta ci kusan mita 66. Tsakaninsu mita 16 da ɗoriya, wato tsawon ƙananan motoci kusan huɗu a jere.

Ba nan abin tsoron yake ba. Abokin namu ya ci gaba da lissafin, ya tambaya: a daidai wurin da motar farko ta tsaya cik, gudun nawa ta biyun take yi? Mu mun zaci za a ce goma ko sha biyar. Amsar ita ce kilomita 50 a awa, rabin gudun da ta taso da shi. A ce wata tirela ce ta lalace a tsakiyar hanya ba alama, ko garken shanu ne ke tsallakawa, ko yaro ne ya biyo ƙwallo. Direban farko zai tsaya gab da su, ya sauke numfashi, ya yi salati. Na biyun zai same su da gudun 50.

To ina ruwan wannan da motar gudu musamman? Ku sake duban v² ɗin nan. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. A gudun 200, wanda irin motar Yaya za ta kai ba tare da inji ya ji a jikinsa ba, tazarar da ke tsakanin tayoyin nan biyu ta zama mita 66, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. Ba muna cewa kowa ya yi irin wannan gudu ba, doka ma ba ta yarda ba, domin iyakar ƙaramar mota a babbar hanya a Najeriya kilomita 100 ce. Amma mun san halin matasa, mun kuma san abin da ake yi a wajen bukukuwa in an ce a yi wasan mota. Wanda ya sayi doki mai zafi ba don ya riƙa jan sa da hannu ya saye shi ba.

Me ake biya a cikin tsadar?

Mai shagon ya saurari lissafin nan yana murmushi, sannan ya ce, "'Yan boko ke nan. To ku gaya mini, wace ce 0.8 wace ce 0.6 a cikin kayana?" Tambaya ce mai kyau, domin ido ba ya iya rarrabewa. A ranar da rana ke haske, hanya a bushe, mota na tafiya a hankali cikin gari, taya mai araha da mai tsada ba za ka ji bambancinsu ba. Shi ya sa mutum zai yi shekara yana tuƙi da mai araha yana cewa ai ga shi lafiya lau. Bambancin yana ɓoye ne sai ranar da ruwan Agusta ya sauko, wani abu ya faɗo hanya ba zato.

Taya ba roba kaɗai ba ce. A cikinta akwai robar itace da robar da ake haɗawa daga man fetur, akwai baƙin garin kabon da ke ba ta launi da ƙwari, akwai zaruruwa masu ƙarfi da ɗamarar waya ta ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Matsalar da masu haɗa ta ke fama da ita tun fil azal ita ce ana son abu uku daga gare ta, kuma ukun ba sa jituwa. Ana son ta riƙe hanya, ana son ta daɗe ba ta sude ba, ana kuma son kada ta sa mota shan mai. Ka tausasa robar don ta riƙe hanya, sai ta cinye da wuri. Ka taurara ta don ta daɗe, sai ta riƙa santsi a ruwa. A shekarar 1992 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tayar da aka zuba wa sinadarin silika, dangin abin da ke cikin yashi, a madadin wani kaso na kabon, aka samu sauƙin shan mai ba tare da an rasa riƙo a ruwa ba. Irin wannan bincike, da filayen gwaji, da injiniyoyin da ke shekaru a kan haɗi ɗaya, suna cikin kuɗin da ake caji. Wanda ke son ya sayar a kashi ɗaya cikin uku na farashin dole ya rage wani abu, kuma mafi sauƙin ragewa shi ne abin da mai saye ba zai gani ba a shago.

Zanen da ke jikin taya ma ba ado ba ne, magudanan ruwa ne. Masu kallon tseren Formula 1 sun san in hanya a bushe take, sumul ɗin taya ake sa wa motocin, babu zane ko ɗaya. Da zarar ruwa ya sauko sai ka ga an ruga an canza zuwa masu zane. In zane bai iya kwashe ruwan da ke gabansa da sauri ba, taya sai ta hau kan ruwan ta rabu da kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ba shi da amfani. A Turai doka ta hana tuƙi da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, kuma a cikin ramin zanen kowace taya akwai 'yan tudu ƙanana da ke nuna an kai wannan iyaka.

Manyan kamfanonin mota har taya ta musamman suke sa a ƙera wa motocinsu masu gudu, a buga mata alama a gefe. Ta BMW tauraro ce, ta Marsandi MO, ta Audi AO, ta Porsche kuwa harafin N ne da wata lamba ko harafi a bayansa. Tun 2012 kuma Tarayyar Turai ta wajabta a riƙa liƙa wa sabuwar taya takardar maki, irin wadda ake gani a jikin firji. Tsarin da aka sabunta a 2021 yana ba da maki daga A zuwa E a kan riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya da kuma shan mai. Lokacin da aka fito da takardar an bayyana cewa tsakanin mafi kyau da mafi muni, a gudun kilomita 80, tazarar tsayawa na iya kai mita 18. Kun ga bai yi nisa da abin da muka samu a bayan kwali ba. In kun ga wannan takarda a jikin sabuwar taya, harafin da ke kusa da hoton gajimare da ruwa shi ne abin dubawa.

Sai dai kada ku ɗauka duk kuɗin da aka ɗora wa babban suna na inganci ne. Wani kaso na talla ne, wani na sunan ne kawai. Kuma babban suna ma yana kuskure. A watan Yunin 2005, a tseren Formula 1 na Indiyanafolis a Amurka, tayar Michelin ta motar Ralf Schumacher ta fashe a wata kwana mai tsananin gudu lokacin atisaye. Kamfanin ya duba ya ce ba zai iya ba da tabbacin tayoyinsa za su jure wannan kwanar har ƙarshen tsere ba. Ranar Lahadi motoci 14 suka janye bayan zagayen share fage, shida kacal masu tayar Bridgestone suka yi tseren, 'yan kallo na ihu suna jifa da robobin ruwa. Tayoyi ne masu tsada ƙwarai, amma ba su dace da wannan hanyar ba.

Rubutun da ke gefen taya

Daga nan muka koma karatu. Kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a gefenta, sai dai mutane ƙalilan ne ke karantawa. A jikin tsohuwar tayar motar Yaya an rubuta 225/45 R17 91W. Lambar 225 faɗin tayar ne a milimita. Ita 45 tana nufin tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari ne na faɗin. R na nuna yadda aka jera zaruruwan ciki, 17 kuwa girman wili ne a inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa. Da sun ce "ba ni sha bakwai" sun gama.

Ragowar biyun su ne masu muhimmanci ga motar gudu. Lambar 91 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615. Harafin ƙarshe kuma shi ne iyakar gudun da aka gwada ta a kai. T na nufin kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Da muka juya sabuwar tayar nan mai araha sai muka ga H a jikinta. Yaya ya ce, "To ni ina zan kai 210?" Muka ce masa harafin ba gudu kaɗai yake faɗa ba. Gudu zafi yake haifarwa a cikin taya, saboda haka harafin yana nuna yawan zafin da za ta jure kafin roba ta fara rabuwa da waya. Wanda zai bi hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, zafin rana ya haura 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, yana buƙatar wannan rarar ko da bai wuce 100 ba. Ƙa'idar da masu ƙera mota ke bayarwa ita ce kada a sa wadda harafinta ya gaza wanda motar ta zo da shi.

Nan ne Yaya ya ce shi ke nan, an gama magana, 'yar Beljiyam zai ɗauka. Ga babban suna, ga zane, ga araha. Gaskiya mu ma ita ta fi jan hankalinmu da farko.

Sai muka nemo shekarunta. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. A jikin wannan an rubuta 0915, wato an yi ta a mako na 9 na shekarar 2015. Ta haura shekara takwas. Da muka lanƙwasa gefenta da hannu sai ga ƙananan tsage-tsage kamar ƙasar fadama a bazara, man da aka shafa ne ya rufe su.

Roba tana tsufa ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Iska da rana da zafi suna busar da ita, ta taurare, ta daina damƙar kwalta. Da yawanku kun san Paul Walker na finafinan Fast & Furious. Ranar 30 ga Nuwamba, 2013, a garin Santa Kilarita na jihar Kalifoniya, yana zaune a gefen abokinsa Roger Rodas a cikin Porsche Carrera GT, motar da ƙarfinta ya kai doki 600, sai ta ƙwace ta daki turken fitila da itatuwa ta kama da wuta. Duka biyun suka rasu. Masu bincike sun ce gudu ne sanadi, domin motar na tafiya tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a inda iyaka ba ta wuce 72 ba. Amma sun kuma rubuta cewa tayoyin da ke jikinta sun kai shekara tara. Mota ce ta masu kuɗi ƙwarai, ba ta rasa kulawa ba, kuma ba taya mai araha aka sa mata ba. Ajiye ta ake yi, ba a cika hawa ba, sai shekaru suka yi aikinsu a ɓoye.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gaya wa direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Wasu kamfanonin taya sun fi sassauci, Michelin misali na cewa in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Ko da wane ma'auni aka auna, wadda ke gabanmu ta ci rabonta.

Akwai kuma wata alama a jikinta da ta ƙara kashe mana gwiwa: hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya. Tayar hunturun Turai ce. An yi robarta da taushi don ta yi aiki a lokacin da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, a kan dusar ƙanƙara. A ƙasashe irin su Jamus ana sa ta da sanyi a cire in zafi ya shigo, in ta tsufa a yar. A kwaltar Sakkwato ko Nguru irin wannan roba laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. Ku lura da kyau in kun je tasha, za ku ga wannan hoton dutsen a ƙafafun motoci da yawa.

A doka ma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya. Amma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Ikeja bayan shekara guda, kasuwa ta dogara da na waje, kuma aljihun talaka ya san inda ya fi masa sauƙi. Wasu masu shigowa da kaya har cusa taya suke yi a cikin taya, uku ko huɗu a haɗe, don kwantena ta ɗauki da yawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan, domin matsewar tana lanƙwasa wayar ciki, kuma daga waje ba a gani. Ba mu zargi dattijon mai shago ba. Abin da ake nema yake kawowa, kuma da muka nuna masa lambobin bai musa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Tsakanin biyun

Da muka ƙi biyu, Yaya ya ce to mun bar shi da wadda kuɗinta zai cinye masa jari. A nan ne mai shagon ya shiga ciki ya fito da ta huɗu, wadda bai nuna mana ba tun farko saboda, in ji shi, masu saye ko dai su nemi mafi araha ko su nemi mafi suna, ba su cika tambayar na tsakiya ba.

Kasuwar taya ba gida biyu ba ce. Akwai kamfanonin da suka daɗe suna yi, suna da filayen gwajinsu, motoci sababbi na fitowa da tayoyinsu daga masana'anta, amma farashinsu bai kai na 'yan sahun gaba ba, irin su Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu. Su kansu manyan suna da ƙannai. Firestone na Bridgestone ne tun 1988, BFGoodrich na Michelin ne, Barum da General na Continental ne. Ba ma cewa duk tayar da ba a san sunanta ba maras kyau ce, wasu ƙananan kamfanoni suna ƙoƙari sosai. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar sani, sai dai ya gwada da ransa.

Wadda aka fito mana da ita tana da W, lambar nauyinta ta yi daidai, ba ta cika shekara da yi ba, kuma takardar makin Turai na jikinta da B a wajen ruwa. Farashinta ya faɗo tsakanin na biyun farko.

A ganinmu, in da Yaya zai riƙa shiga filin tsere, ko kullum yana kan doguwar hanya, da mun matsa masa ya sayi ta farkon ko da zai jira wata biyu yana tara kuɗi. Ga mai zirga-zirga cikin gari da tafiya jefi-jefi, ta tsakiyan ta wadatar. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayi mota mai doki 300 sannan a zo wajen taya a ce kuɗi sun ƙare. Kuɗin taya yana cikin kuɗin motar tun ranar da aka yi cinikinta. Kuma arahar ma sai an lissafa. In wata ta kai ka kilomita 40,000, wata kuma mai rabin kuɗinta ta sude a 18,000, wace ce mai tsadar? Wannan misali ne muka ƙirƙira, amma ku buga ku gani.

Guda huɗu ya saya, sifiku suka koma sai wani jiƙon. Da biyu kawai zai iya saya, da a baya za a sa su, domin in bayan mota ya zame a ruwa ya fi gaba wuyar shawo kai. Wajen ɗaurawa ma sai da muka ɗan yi ja-in-ja da yaron shagon, wanda ya so ya ɗura iska har sai ta kai lambar da ke jikin tayar. Wannan lambar iyaka ce da ba a so a wuce. Iskar da motar ke buƙata tana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙarfen ƙofar direba, kuma da geji ake aunawa tun taya na da sanyi, ba da bugun ƙafa ba.

Muna tsaye ana ɗaure nati na ƙarshe sai ga wata motar haya ta tsaya, irin masu ɗaukar mutum bakwai su ɗauki goma, an ɗaure buhuna a bayanta har but ba ya rufuwa. Direban ya fito a gaggauce, ya gaisa da mai shago, ya ce fasinja na jiran sa a tasha, da yamma zai kama hanyar Gusau. Ya tambayi taya biyu masu sauƙin kuɗi. Dattijon ya dube mu, ya dube shi, sannan ya ce masa, "Akwai, amma yaran nan sun ce sun tsufa." Direban ya ɗaga ɗaya daga cikin 'yan Beljiyam ɗin da ke jingine a bango, ya danna ta da babban yatsa, ya shafa zanen, ya ce, "Baba, wannan ai sabuwa ce." Ya ƙirga kuɗi, yaron shago ya gangara masa su zuwa mota.